Lemon tonik ya kama da shuɗin haske a shagona, me ke cikinsa?

Sani POS: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu ilimin kimiyya ku zo ku fitar da ni daga duhu. Ina da 'yar fitilar nan da muke duba kuɗin jabu da ita. Jiya da daddare an ɗauke wuta, wani kwastoma ya ajiye robar lemon tonik a kan kanta, ina cikin haska 'yan dubu-dubu sai hasken ya faɗa kan robar. Ruwan nan fari ne tas, amma wallahi sai ga shi ya kama da shuɗin haske tun daga ƙasa har wuya. Na kashe fitila ya koma ruwa. Na haska fiya wata, ba komai. Na haska soda, ba komai. Me ake zuba mana a ciki?

Maman Hanifa: Innalillahi. Ni dama ban yarda da lemukan nan masu ɗaci ba.

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Sani kwantar da hankalinka, ba wani mugun abu ka gano ba. Duba jikin robar wajen da aka jera abubuwan da ke ciki, za ka ga kwinin. Shi ne ke ba tonik ɗacinsa, shi ne kuma ya yi maka wannan shuɗin.

Abin da ke faruwa shi ne, fitilarka tana fitar da wani haske da ke gaba da ruwan hoda-shuɗi a jerin launukan bakan gizo, wanda idon mutum ba ya kama shi. Ana ce masa ultarabayolet. Kwinin yana haɗiye wannan hasken, na wajen nanomita 350 (nanomita ma'auni ne da ake bambanta launukan haske da shi), nan take kuma ya mayar da shi waje a matsayin shuɗi na wajen nanomita 450, wanda ido ke gani. Ka ɗauke shi ɗan canji ne a Wapa: ka miƙa masa kuɗin da ba ka iya kashewa a kasuwa, ya ba ka wanda ake karɓa, amma sai ya cire nasa. Abin da ya cire ɗin yana tafiya ne a ɗan ɗumi, shi ya sa hasken da ke fitowa kullum ƙarfinsa bai kai na wanda ya shiga ba.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Zuba tonik a kofi biyu na gilashi, ka sa cokalin gishiri a ɗaya ka juya, sannan ka haska su tare. Ka zo ka ba mu labari.

Maman Hanifa: Malam, kwinin dai na maleriya? Wanda ake yi wa mutum allurarsa kunne ya toshe?

Malam Kabiru: Shi fa, Hajiya.

Auwalu Ɗan Kwari: To ai an zo wajen. Kenan da zazzaɓi ya kama mutum sai ya sayi tonik biyu masu sanyi ya kora, ba sai ya je layin asibiti ba. Dama lokacin korona an yi ta faɗa mana haka.

Hajiya Binta Famasis: Auwalu, don Allah kar ka faɗi wannan a waje, wani zai ɗauka da gaske. Bari in yi maka lissafi. A Amurka doka ba ta yarda kwinin ɗin da ke cikin tonik ya wuce miligiram 83 a lita guda ba, kuma abin da kamfanoni ke sawa a ko'ina bai yi nisa da wannan ba. Babban mutum da ake yi wa maganin maleriya da ƙwayar kwinin kuwa miligiram 600 yake sha a lokaci guda, sau uku a rana, har kwana 7. Kenan kowane shan magani sai ka ɗura wajen lita bakwai, sau uku a yini. Sukarin da ke ciki kaɗai ya isa ya kwantar da kai kafin sauro ya gama nasa aikin.

Maganar korona kuma, kulorokwin aka yi ta yayatawa, ba kwinin ba, kuma shi ma bai yi aiki a kan cutar ba. A watan Maris na 2020 sai da hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kwantar da mutane saboda sun yi wa kansu ɗurarsa.

Auwalu Ɗan Kwari: Hajiya ai wasa nake. Amma dama ba abu ɗaya ba ne su biyun?

Hajiya Binta Famasis: Dangi ne, ba ɗaya ba. Kwinin daga ɓawon itace ake tatso shi. Kulorokwin haɗa shi aka yi a ɗakin gwaji a Jamus a 1934. Shi ne mai sa ƙaiƙayin nan da yawancinmu muka sha muna yara, kana susa har cikin tafin hannu. Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005 domin ƙwayar cutar ta daina jinsa.

Sani POS: Malam Kabiru! Na yi gwajin. Kofin da na sa wa gishiri ya dushe kusan gaba ɗaya, ɗayan yana nan yana ci. Gani ya kori ji. Gishirin ya kashe maganin kenan?

Malam Kabiru: Bai kashe shi ba, ɗanɗana ka ji, ɗacin yana nan. Kulorayid ɗin da ke cikin gishiri ne yake karo da kwinin a daidai lokacin da ya haɗiyi haske, ya karɓe ƙarfin kafin ya kai ga fitar da shi. Shi ya sa a ɗakin gwaji ba a narka shi a asid mai kulorayid idan haskensa ake so, sai a asid ɗin salfa.

Kuma ka san wannan abin da ka yi da fitilar dubu biyu, da shi aka buɗe fanni guda a kimiyya? A 1845 wani masanin taurari ɗan Ingila, John Herschel, ya lura ruwan kwinin yana yin wani shuɗi a gefen da rana ta bugo shi, ya rubuta amma bai gano dalili ba. Sai a 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗauki kwalbar kwinin yana bi da ita launi bayan launi. Ja, ba komai. Rawaya, kore, ba komai. Da ya wuce launin ƙarshe ya shiga inda ido ke ganin duhu ne kawai, sai kwalbar ta haskaka. A nan aka tabbatar abu yana iya karɓar hasken da ba a gani ya mayar da shi wanda ake gani. Ina koya wa 'yan aji biyar wannan, kuma da za a ba mu duhun aji da fitila irin taka da ba sai na yi ta zane a allo ba.

Baba Ɗanlami Kurmi: Salamu alaikum. Yarona ne ya karanto mini, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Na ji Hajiya da bakinta ta ce sassaƙe ne. To alhamdu lillahi. Mu da muke zaune a Kurmi muna sayar da sassaƙe ana ce mana ba mu waye ba, ashe uban magungunan asibitin ma daga jikin itace aka ɓamɓaro shi. Maɗaci fa? Darbejiya fa? Iyayenmu da su suka yi maganin masassara, kuma ɗacin maɗaci bai gaza na kwinin ba. Bambancin dai wancan Bature ya sa shi a kwalba.

Auwalu Ɗan Kwari: Baba ya shigo da ƙarfinsa.

Hajiya Binta Famasis: Barka da zuwa Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na musun cewa sassaƙe ne, kuma ba shi kaɗai ba. Maganin da ya gaje shi ma, atemisinin, daga ganye aka samo shi, wani ɗan uwan tazargade da ke fitowa a ƙasar Sin. Tu Youyou da ta jagoranci aikin ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Inda muka rabu da ku wuri biyu ne.

Na farko, ɗaci ba shi ne maganin ba. Babu kwinin a maɗaci, babu shi a darbejiya. Abin da ke ba su ɗaci wani jinsin sinadari ne daban. Itacen kwinin, sinkona, ba ya cikin dazukanmu, asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ikwado.

Na biyu, ba kwalba ce bambancin ba, awo ne. Turawa sun yi kusan shekara 200 suna shan garin ɓawon nan yadda kuke bayarwa, a jiƙa ko a dama. Wani ya warke, wani ya mutu, domin ɓawon wannan bishiya yana da ƙarfi, na waccan kusan fanko ne, kuma ba mai iya bambancewa da ido. Sai a 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Faris, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin zalla daga ɓawon. Daga ranar likita ya samu damar cewa ga nauyin da za a ba yaro, ga na babba.

Baba Ɗanlami Kurmi: 'Yata, mu ma muna da awo. Akwai na yatsa uku, akwai na tafi, kuma ba ma ba mai ciki abin da muke ba ƙato.

Hajiya Binta Famasis: Haka ne Baba, kuna auna garin. Abin da ke cikin garin ne ba a auna ba. Sassaƙen da aka yanko da rani da wanda aka yanko da damina, na tsohuwar bishiya da na sabuwa, tafi ɗaya ne a hannu amma ba ƙarfi ɗaya ba.

Alhaji Tijjani: Ku ba ni wuri in sa baki, don akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye ba a taɓo ba. Ni a wurina kwinin ba labarin magani ba ne kawai, yana cikin abubuwan da suka buɗe wa Turawa ƙofar ƙasar nan.

Shekaru aru-aru suna bakin teku suna ciniki, ba sa iya shigowa ciki, zazzaɓi yana karkashe su. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su hau kogin Kwara, gommai daga cikin Turawan suka mutu, aka koma ba shiri. A 1854 aka sake turo jirgi guda mai suna Pleiad ƙarƙashin wani likita, William Baikie. Shi ya sa mutanensa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai, suka dawo ba wanda ya mutu. Wannan Baikie shi ya zauna a Lakwaja daga baya, kuma a 1862 ya tako har nan Kano. Shekara 41 bayan zuwansa, a Fabrairun 1903, sojojin Lugga suka fasa ganuwa.

Malam Kabiru: Alhaji, a yi wa kwinin adalci. Ba shi ya fasa ganuwa ba, igwa ce da bindiga mai ruwa. Kuma yawancin sojojin da aka zo da su baƙaƙen fata ne, har da Hausawa, ba su ne ke dogaro da kwinin ba.

Alhaji Tijjani: Malam, wa ke ba da umarnin a harba igwar? Hafsan da zazzaɓi ya kwantar a Lakwaja ba ya isowa Bebeji, balle Kano. Ban ce shi kaɗai ba ne.

Kuma dubi yadda aka yi da masu itacen. Ƙasashen Andis sun so su riƙe cinikin ɓawon a hannunsu, Turawa suka yi ta fitar da iri. Wani ɗan kasuwa Bature, Charles Ledger, yana da yaro ɗan ƙasar Bolibiya, Manuel Incra Mamani, wanda ya san bishiyoyin da ɓawonsu ya fi ƙarfi. Shi ya tara irin da aka kai Turai a 1865. Gwamnatin Ingila ba ta nuna sha'awa ba, Holan ta sayi kaɗan ta shuka a tsibirin Jaba na Indunusiya, sai ga shi ya fi duk wanda aka sani yawan kwinin. Kafin yaƙin duniya na biyu kusan duk kwinin ɗin duniya daga Jaba yake fitowa. Shi kuwa Mamani kama shi aka yi a ƙasarsu kan tara iri, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Itacen ma sunan Ledger aka sa masa.

Baba Ɗanlami Kurmi: Ka ji ko. Mai sanin itacen ya mutu a wulaƙance, mai kwalba ya ci riba. Alhaji Allah ya saka.

Zainab Ɗaliba: Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma bari in ƙara kan na Malam Kabiru, don aikin kammala karatuna ya taɓo wajen. Hasken nan ba abin kallo ba ne kawai, ma'auni ne. Idan ka haɗa sabon sinadari mai haskakawa kana so ka san ƙarfin haskensa, dole ka gwada shi da wani da kowa ya san nasa. Kwinin salfet a cikin asid ɗin salfa yana cikin tsofaffin ma'aunan da ake amfani da su har yau. An san cewa cikin kowane ɗigon haske 100 da ya haɗiya yana mayar da kimanin 55. Yana da araha, ba ya saurin lalacewa, ana samunsa tsarkakakke. Sai ka auna naka, ka auna nasa, ka yi lissafi.

A fannin lafiya kuma da hasken ake auna yawansa a jinin majiyyaci ko fitsarinsa. Na'ura tana rarrabe abubuwan da ke cikin jinin, kowanne ya fito a lokacinsa, idan layi ya zo kan kwinin sai ya haskaka, ƙarfin hasken ya nuna yawansa. Ko ɗan mitsitsi ne ana kama shi.

Sani POS: To Anti Zainab, kenan zan iya buɗe sabuwar sana'a. Duk wanda ya sayo kwinin a kemis ya kawo in haska masa, in ya yi shuɗi na gaske ne, in bai yi ba jabu. Naira ɗari kowane gwaji.

Zainab Ɗaliba: Yaya Sani ka rufa mana asiri. Matsalar ita ce abin da na faɗa yanzu, ɗan kaɗan ma yana haskakawa. Tonik ɗinka da ba ya maganin komai ai ya haska. Mai jabu zai iya sa kashi ɗaya bisa goma na abin da ya kamata, fitilarka ta ce lafiya lau. Sannan ba kwinin kaɗai ke yin haka ba. Haska farar shaddar da aka wanke da omo, haska farar takarda, duk za su yi shuɗi. Bitamin B2 yana yin rawaya-kore. Kunama ma gaba ɗayanta haskakawa take yi, in kana kwana a tsakar gida da zafi fitilar za ta fi yi maka amfani a nan.

Masu binciken jabu suna amfani da fitila irin taka, amma ba ita kaɗai ba. Suna narka ƙwayar, su ɗiga a kan wani faranti na musamman kusa da ɗigon maganin gaske, su bar ruwa ya ja su sama. Sai su haska su ga ko tabon biyu sun tsaya wuri ɗaya, ko girmansu da ƙarfinsu ɗaya ne. Kai dai abin da ke hannunka shi ne lambar NAFDAC, da wajen kankarewar nan da ake tura lambarsa ta waya, da sayen magani inda ya dace.

Auwalu Ɗan Kwari: Sana'a ta mutu tun ba a yanka mata rago ba.

Maman Hanifa: Ni tambayata ta asibiti ce. Shekarun baya da aka kwantar da ƙanwata, kwinin aka sa mata a ƙarin ruwa, ta yi kwanaki tana cewa kunnenta na ƙara, ba ta jin magana sosai. Bara da aka kwantar da ɗana da maleriya mai tsanani ban ga an sa masa ruwan nan ba, wata allura aka yi ta yi masa ta jijiya. Har na yi zaton don ba mu da wani a asibitin ne aka ba mu mai sauƙi.

Sista Rabi: Maman Hanifa, wanda ya fi aka ba ɗanki. Atesunet kenan, daga atemisinin ɗin da Hajiya ta ambata ake yin sa. An yi babban gwaji a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani, aka fitar da sakamako a 2010. Cikin waɗanda aka ba kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka ba atesunet kashi 8.5. A ido kamar ba yawa, amma ki tuna kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu maleriyar duniya a ƙasar nan suke, ki lissafa yaran da ke tsakanin lambobin biyu. Daga 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba ga yara ma.

Mu da muka yi aiki da kwinin a ɗakin yara mun san wahalarsa. Ba a tura shi cikin jijiya kai tsaye, yana iya tsayar da zuciya. Sai an zuba shi a ruwa ya riƙa ɗiga a hankali har awa 4, a maimaita duk bayan awa 8, dare da rana. Ga gado cike a watan Agusta da Satumba, ga nas ɗaya ko biyu, kina lissafin ɗigo da agogo. Sannan yana sa jiki ya saki insulin, sukarin jini ya faɗi warwas. Yaron da ke sume dama, in sukarinsa ya faɗi ba zai ce miki komai ba, sai dai ki yi ta gwadawa. Masu ciki sun fi kowa shiga wannan hatsarin.

Ƙarar kunnen da ƙanwarki ta ji kuwa kusan duk mai shansa yana ji, da jiri da tashin zuciya, yawanci yana wucewa in an gama. In ya yi yawa ne yake taɓa ido, har makanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu yin allurarsa a ɗuwawu a cikin unguwa. Na ga yaran da aka kawo ƙafa ta saki saboda allura ta sami jijiya, wasu kuma wurin ya ƙulle ya yi ruwa. In dole ta sa za a yi shi a tsoka, a cinya ake yi, a tsarma shi, kuma ba aikin mai kemis ba ne.

Maman Hanifa: Allah sarki. Na gode Sista. To tunda haka ne me ya sa ba a daina shi gaba ɗaya ba?

Hajiya Binta Famasis: Saboda ba a jefar da abin da ya yi kusan shekara 400 yana aiki. Kulorokwin bai yi shekara 20 ana amfani da shi sosai ba ƙwayar cutar ta fara gagararsa. Fansida ma haka. Kwinin kuwa, duk da ya yi rauni a wasu sassan Asiya, a nan Afirka har yanzu yana ci. Ƙwayar maleriya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin abin da ke ba jini launinsa, sai ragowar ta zame mata guba, dole ta dunƙule ta ta ajiye gefe. Kwinin yana hana ta dunƙulewar, dattinta ya kashe ta.

Yanzu an tabbatar ƙwayar ta fara jinkirin mutuwa da atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya. In abin ya bazu, Allah ya kiyaye, kwinin na cikin abin da za a koma wa. Kuma inda babu atesunet a yau ma yana cikin abin da ake ɗaukowa. Da can shi ake ba mai ƙaramin ciki, watanni ukun farko, tare da wani maganin ƙwayoyin cuta, kilindamaisin, sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da atemita-lumefantirin, haɗin ƙwaya mai dangin atemisinin a ciki. Ɗaya daga dalilan shi ne mata ba sa iya kai kwana 7 suna shan abu mai ɗaci da ke sa su jiri, sai su yar a kwana na uku.

Wani abin da zan roƙa: masu shan kwinin don ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare su bari. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai, domin yana iya rushe ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, mutum ya kama zubar jini.

Alhaji Tijjani: Kuma abin mamaki, har gobe daga itacen ake samunsa. Woodward da Doering sun nuna hanyar haɗa shi a Amurka a 1944, lokacin da Japan ta kame Jaba aka shiga ƙarancinsa, amma hanyar ta yi tsawo da tsada, noma ya fi sauƙi. Yau babban wurin nomansa gabashin Kongo ne, yankin Kibu, akwai masana'antarsa a Bukabu. Wurin da ba ya rabuwa da yaƙi.

Malam Kabiru: Neman haɗa shi ma ya haifi abin da ba a nema ba. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin daga kwaltar gawayi, sai ya samu wani baƙin dabo da ke rina siliki ruwan hoda-shuɗi. Daga nan masana'antar rinin kanti ta tashi. In kun bi zaren, shi ne ya kai ga shuɗin kanti da ya zo ya karya kasuwar baba, har marinar Ƙofar Mata ta ji a jikinta.

Baba Ɗanlami Kurmi: To ni dai ga tambayata ga 'yata Zainab. In na jiƙa maɗaci na kawo, yaron nan Sani ya haska, ya yi shuɗi, me za ku ce?

Zainab Ɗaliba: Baba, za mu ce akwai wani abu mai haskakawa a ciki, shi kenan. Tsirrai da yawa suna da su. Akwai babarin, mai rawaya, da ke cikin saiwoyi da ɓawon wasu itatuwa, masu duba nama a madubin likita suna rina wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da shi su haskaka. Akwai hamin da ke cikin 'ya'yan harmal da Larabawa ke turare da shi, shi launin haskensa sauyawa yake yi gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, kuma a 2015 masu bincike a Niyok sun ga yana sa ƙwayoyin da ke yin insulin su hayayyafa a ɗakin gwaji. Ko ɗanyen ganye kuka jiƙa a sifirit kuka haska, ja zai yi. Ba ɗayansu da haskensa ke nuna yana kashe maleriya.

In ana so a san gaskiyar maɗaci, hanyar da aka bi da sinkona za a bi. A tabbatar da itacen, a ware abin da ke ciki, a gwada a kan ƙwayar cutar, a ga abin da yake yi wa hanta da ƙoda, sannan a zo kan mutane. Ku kawo haɗin naku gaba ɗaya in nuna wa malaminmu.

Baba Ɗanlami Kurmi: Haɗin gaba ɗaya? Itace huɗu ne a ciki, daga kakana na gada. In ba ku, gobe in gan shi a kwali da sunan wani farfesa.

Alhaji Tijjani: Bayan labarin Mamani ba na ganin laifin Baba.

Hajiya Binta Famasis: Ni ma ban gani ba. A rubuta yarjejeniya kafin a buɗe ƙullin, da sunansa a ciki, da shaidu. Amma Baba, kafin nan, yaron da ya fara fizge-fizge ko ya kasa shan nono ko idonsa ya yi fari, kar a tsaya jiƙo, a miƙe asibiti.

Baba Ɗanlami Kurmi: Wannan ai ni da kaina nake korarsu su tafi, ba na riƙe yaro mai suma. Zainab, ranar Asabar zan aiko yarona da sassaƙen maɗaci da ganyensa. Sauran ukun sai na ga takarda.